Rifita, Tashar Gajeren Zango Ko Tauraron QO-100: Da Wanne Ya Kamata Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyo Ta Fara?

Ƙungiyar masu sha'awar rediyo da ta tara kuɗin karo-karo na shekara ɗaya ko biyu ba ta da halin sayen komai a lokaci guda, saboda haka dole ne 'yan kwamitinta su zauna su yanke shawarar abin da za a fara kafawa. Waɗanda ake nufi a nan su ne mutanen da hukumar sadarwa ta ƙasarsu ta ba lasisi da lambar kira domin su yi magana da juna ta iska, su harhaɗa na'urori, su yi gwaje-gwaje, ba don neman kuɗi ba, ba kuma don watsa shirye-shirye ga jama'a ba. Lambar kiran ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Kamaru da TJ, ta Chadi da TT, ta Sudan kuma da ST. Masu riƙe da waɗannan lambobi ba su da yawa, kuma a warwatse suke, ta yadda ƙungiyar yanki guda tana iya ƙunsar mutane ƙalilan a babban birni ɗaya, sauran kuwa ɗaiɗaiku ne a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga juna. Wannan warwatsuwa ita ce ya kamata ta ja ragamar shawarar tun daga farko.

Abubuwa uku ne ke gaban irin wannan ƙungiya. Akwai rifita, wato na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsayi, tana karɓar muryar ƙananan oba-oba tana sake tura ta da ƙarfi zuwa faɗin gari. Akwai tashar gajeren zango ta ƙungiya, wadda ake ajiyewa a ɗaki ɗaya kowa yana zuwa yana aiki da ita. Sai kuma tashar da ke magana ta tauraron ɗan adam na QO-100. A wurin taro muhawara takan tsaya ne kan farashi, alhali tambayoyi biyu sun fi farashi nauyi: idan aka kunna na'urar wa zai amsa kira, idan kuma ta lalace wa zai gyara ta.

Kafin a taɓa ko sisi, wajibi ne a duba abin da takardar lasisi ta halatta. Afirka tana cikin Yanki na 1 a tsarin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, kuma rabon da aka yi wa wannan yanki ya bambanta da na Amurka, inda akasarin bidiyoyin koyarwa na intanet ke fitowa. Zangon mita 2, wanda oba-oba da rifita ke aiki a kai, a nan daga 144 zuwa 146 MHz ne, bai kai 148 ba. A gajeren zango, zangon mita 40 daga 7.0 zuwa 7.2 MHz ne, na mita 80 kuma daga 3.5 zuwa 3.8 MHz. Oba-oba mai araha da ake shigowa da ita, irin Baofeng UV-5R, tana iya aika murya tun daga 136 har zuwa 174 MHz, kuma mafi yawan wannan fili na wasu hukumomi ne da kamfanoni, saboda haka iyawar na'ura ba izini ba ce. Sashe na 25 na dokokin rediyo na ITU ya hana masu sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsu da lambobin sirri a tsakanin ƙasashe, ya kuma wajabta faɗin lambar kira a kai a kai. A Gana hukumar NCA ce ke kula da sha'anin, a Nijar kuma ARCEP. Ƙungiyoyin masu sha'awar rediyo na ƙasa, NARS ta Najeriya da GARS ta Gana, suna cikin tarayyar duniya ta IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, kuma ta wurinsu ne sabuwar ƙungiya za ta fi saurin gane ƙofar da ake bi.

Rifita ita ce ta fi saurin shiga ran sababbin shiga, kuma dalilin a fili yake. Oba-oba ta hannu mai araha ba ta wuce 'yan dalolin Amurka ashirin zuwa arba'in ba, ba ta buƙatar fili, kuma mutum yana iya magana da ita daga shago ko daga cikin mota. Matsalarta ita ce, a tsakanin gine-ginen birni, biyu daga cikinsu da ƙyar suke jin juna bayan 'yan kilomita kaɗan, domin igiyar mita 2 tana tafiya ne kusan a miƙe, duk abin da ya tare ta kuma yana rage mata ƙarfi. Maganin wannan tsayi ne, ba ƙarin wuta ba. Eriyar da ke kan hasumiya mai tsayin mita 30 tana hango kimanin kilomita 22 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wadda ke bisa mita 100 kuwa tana hango kimanin 41. Sai an ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Wannan lissafi ya nuna cewa rifitar da aka ɗora a kan dogon bene ko ƙarfen sabis a Kano za ta iya haɗa unguwannin birnin da ƙauyukan kewaye, amma ba za ta kai muryar kowa Katsina ko Maraɗi ba. Wuraren da ke da tsaunuka na gaske, irin tudun Jos, su ne kaɗai za su sami faɗin da ya zarce haka sosai ba tare da an gina doguwar hasumiya ba.

Abin da ba a cika faɗa wa 'yan kwamiti ba shi ne, na'urar rediyon da ke cikin rifita ita ce ɓangare mafi sauƙi. Rifita tana sauraro tana kuma magana a lokaci guda ta eriya ɗaya, kuma a zangon mita 2 tazarar da ke tsakanin inda take ji da inda take aikawa kilohaz 600 ce kacal. Idan ba a raba su da kyau ba, muryarta za ta toshe mata kunne, ta daina jin ƙananan oba-oba da aka kafa ta dominsu. Abin da ke raba su jerin manyan gwangwanayen ƙarfe ne huɗu ko shida, kowanne ya haura rabin mita, waɗanda ake saitawa ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, kuma zafin rana da girgizar hanya suna iya gusar da saitin. Ga kuma batun kebul. Siririn kebul irin RG-58, idan aka ja shi mita 30 a wannan zango, yana cinye fiye da rabin ƙarfin da aka tura kafin ya isa eriya, saboda haka dole a sayi mai kauri mai tsada. Daga nan sai wuta. Rifita ba ta barci, kuma ko da amfa ɗaya take sha a lokacin da babu mai magana, hakan ya kai amfa-awa 24 a kowace rana kafin wani ya buɗe baki. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar sola, zafin bazara kuma yana gajarta ran batirin ruwa, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin shekarunsa. Idan damina ta faɗi, ƙarfe mafi tsayi a unguwa shi ne aradu ke nema.

Halin rifita a cikin ƙungiya irin na rijiyar burtsatsen unguwa ne: na kusa da ita kaɗai ke sha, kowa yana murna ranar buɗewa, ranar da ta tsaya kuwa kowa yana jiran wani ya gyara. Wurin da take ba na ƙungiya ba ne, sai an nemi izinin mai bene ko mai hasumiya kafin a hau, kuma batir da sola a wurin da babu mai gadi ba su cika daɗewa ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ɗaure kai a halin tsaron da arewacin Najeriya da kudancin Nijar ke ciki. Rifitar da ke buɗe tana amsa wa duk wanda ya san mitarta, kuma sautin makulli da ake sa mata ba sirri ba ne, kowace oba-oba tana iya gano shi cikin mintuna. Idan wanda ba shi da lasisi ya mayar da ita hanyar aika saƙonsa, mutumin da lambar kiransa ke kan rifitar shi ne za a fara nema. Duk ƙungiyar da za ta kafa ta, tilas ne ta sami hanyar kashe ta daga nesa, ta sami masu saurarenta da tsari, ta kuma sanar da jami'an tsaron yankin a rubuce. Haka nan kowane memba ya riƙa yawo da kwafin lasisinsa, domin oba-oba a aljihu tana jawo tambayoyi a shingen bincike.

Duk da haka, kada a ɗauka cewa rifita ba ta da ranarta. Inda masu lasisi suka kai goma ko fiye a birni guda, babu abin da ke riƙe su wuri ɗaya kamarta. Zaman mako-mako ta iska, inda mai jagoranci ke kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya kowa yana amsawa, ya fi sauƙi a kanta, kuma sabon shiga yana koyon ladubban magana ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Ana kuma iya haɗa ta da wasu rifitoci ta intanet da tsarin EchoLink ko DMR, sai dai wannan haɗi yana mutuwa ne a daidai lokacin da sabis ya ɗauke.

Tashar gajeren zango ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, mutanenmu suka saba da laluben mita 16 da 19 da 25, suka kuma san cewa tashar da ake ji rangaɗau da safe tana iya dusashewa da rana. Zangon mita 41 na gidajen rediyo ma maƙwabcin zangon mita 40 na masu sha'awa ne, iyaka ɗaya ce ta raba su a 7.2 MHz. Abin da ke kai murya nesa a nan wani rufi ne a can saman sararin samaniya wanda hasken rana ke cajawa, igiyar rediyo tana dukansa tana dawowa ƙasa. Babu hasumiyar kowa a tsakani, babu sabis, babu kuɗin wata.

Ga ƙungiyar da membobinta ke warwatse, dabara mafi amfani ita ce a rataye eriyar wayar tagulla a ƙasa-ƙasa, mita huɗu zuwa goma daga ƙasa, domin igiyar ta tashi kusan a tsaye ta dawo ta bazu a kewaye. Da wannan tsari, mita 40 da rana da mita 80 da dare suna rufe da'irar da ta kai kilomita 400 zuwa 500 ba tare da giɓi a tsakiya ba. Daga Kano, wannan da'ira ta haɗa da Kaduna da Zariya da Katsina da Jos da Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, ta kuma kai kusa da Maiduguri. Babu rifita ɗaya da za ta yi ko kusa da haka. Ita kuwa eriyar, waya ce kawai ta tagulla da aka raba biyu, kuma tsawonta da mita ana samun sa ne idan aka raba 143 da adadin MHz ɗin da ake so: kimanin mita 20 domin 7.1 MHz, kimanin 39 domin 3.65 MHz, kimanin 10 domin 14.2 MHz. Ɗalibin sakandare yana iya yanka ta, ya ɗaure ta, ya gwada ta, ya rage mata tsawo har awo ya daidaita, kuma a cikin wannan yini guda zai koyi abin da mai oba-oba bai koya ba a shekara. Idan aka koma mita 20 ko 15, Turai da Amurka ta Kudu da Gabas ta Tsakiya ne za su amsa, garuruwan kusa kuwa igiyar za ta tsallake su.

Nauyin wannan zaɓi yana kan na'urar kanta. Mai wat 100, irin Icom IC-7300 ko Yaesu FT-891, tana kaiwa ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu kafin kuɗin jigila da na kwastan, kuma tana jan kusan amfa 20 a kan bolt 13.8 lokacin aikawa. Akwai masu wat 20 irin Xiegu G90 da suka fi sauƙin kuɗi da sauƙin ciyarwa. Sai dai wutar da tashar ƙungiya ke sha ta sa'o'in da aka kunna ta ce kawai, kuma ana iya cire eriya daga jikinta a kulle ɗaki idan hadari ya taso, abin da ba zai yiwu da rifita ba.

Babban abokin gabar gajeren zango a biranenmu shi ne hayaniyar lantarki. Inbata, da na'urar cajin sola, da ƙwayayen fitila masu araha, da cajar waya, duk suna fitar da ƙara mai rufe raunanan muryoyi, kuma unguwar da kowane gida ya kafa sola tana iya zama wurin da ba a jin komai a mita 40 sai shuu. Saboda haka bai kamata a zaɓi ɗakin tasha don kyan gininsa ba. A fara zuwa da ƙaramar na'urar sauraro da batir, a saurara da safe da rana da dare, sannan a yanke hukunci. Harabar kwalejin fasaha ko makarantar da ke bayan gari, mai fili da bishiyoyi da mai gadi, takan fi tsakiyar birni nesa ba kusa ba, kuma a nan ne matasan da za su gaji ƙungiyar suke. Da damina ƙarar walƙiya takan cika mita 80 da dare. Da hunturu busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a jikin doguwar waya har ya iya lalata na'ura, shi ya sa ake buƙatar hanyar zubar da shi zuwa ƙasa, kuma sandar tagullar da aka binne a busasshen yashi ba ta aiki sosai sai an zurfafa ta ko an ƙara mata 'yan'uwa. Ga kuma zagayen rana na kimanin shekara 11, wanda hukumomin Amurka suka sanar da cewa ya kai ƙololuwa a Oktoban 2024. A shekarun raguwa da ke biye, mita 10 da 15 za su riƙa yin shiru, amma mita 40 da 20, waɗanda ƙungiyar yanki ta fi dogara da su, za su ci gaba da aiki.

Inda hayaniya ta yi yawa ko wuta ta yi kaɗan, akwai mafita ta kwamfuta. Tsarin FT8, wanda Joe Taylor, masanin da ya sami kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017, yana musayar gajeren saƙo a kowane daƙiƙa 15, kuma yana tsinto siginar da kunne ba ya ji sam. Da wat kaɗan da waya a kan bishiya ana iya kaiwa wata nahiya. Ba hira ake yi da shi ba, lambar kira da rahoto kawai ake musaya, kuma agogon kwamfutar dole ya kasance daidai ƙwarai. A ganina yana da kyau a matsayin hujja ga sabon shiga cewa eriyarsa tana aiki, amma ƙungiyar da ta tsaya a kansa kaɗai ba za ta koyi magana ba.

Zaɓi na uku shi ne sabo a cikinsu, kuma ya dace da yankinmu fiye da yadda mutane da yawa suka lura. An harba tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar ranar 15 ga Nuwamba 2018, ɗauke da na'urar masu sha'awar rediyo da ƙungiyarsu ta Katar da AMSAT ta Jamus, ƙungiyar taurarin masu sha'awa, suka tsara, aka buɗe ta ga jama'a a Fabrairun 2019 da sunan QO-100. Yana tsaye ne wuri ɗaya a sama, kusa da digiri 26 gabas, wato gefen da masu ɗaura dish suka sani da Arabsat, saboda haka ba a bin sa, sau ɗaya ake saita faranti a ɗaure. Inuwarsa ta rufe Afirka baki ɗaya da Turai, daga gabashin Barazil har zuwa Tailan, har ma tashar binciken Jamus da ke Antatika tana magana ta kansa. Mai tasha a Agadas da na Kumasi da na Njamena da na Khartum duk za su ji juna da ƙarfi iri ɗaya, dare da rana, ba ruwansu da zagayen rana ko inbatar maƙwabci.

Sauraronsa yana da sauƙi ƙwarai. Yana sauko da murya a kusa da 10489.75 MHz, kuma kan dish na talabijin da ake sayarwa a kowace kasuwa yana mayar da wannan zuwa kusan 739 MHz, inda ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta take kamawa. Faranti mai faɗin santimita 80 ya wadatar, kuma daga Kano tauraron yana can sama sosai, gini ko bishiya ba su cika tare shi ba. Aikawa ce ke da wuya. Ana hawa ne a 2400 MHz, ana buƙatar na'ura irin ADALM-Pluto ko mai sauya mita, da ƙaramin amfilifaya na 'yan wat, da eriyar da aka naɗa ko aka yanka daidai gwargwado a gaban farantin. Zafin rana yana sa mita ta riƙa zamewa, sai an ɗaure ta da agogon GPS ko da manhaja mai bin siginar ma'auni da tauraron ke fitarwa. Akwai kuma ƙa'idojin da masu kula da shi suka gindaya: ba a amfani da FM, faɗin murya ba ya wuce kilohaz 2.7, kuma ba a yarda siginar kowa ta fi ta ma'auni ƙarfi ba. Wannan aiki ne na wanda ya riga ya saba da awo da kwamfuta, kuma yawancin kayansa sai an yi odarsu daga waje. Dole ne kuma lasisin ya ambaci waɗannan zangunan a fili. Rauninsa na asali shi ne tauraro ɗaya ne tak, mallakar kamfani, an kuma ƙera shi ne domin aikin kimanin shekara 15. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage siginarsa kamar yadda yake ɗauke hoton talabijin.

Idan aka auna ukun da ayyukan da ke raya ƙungiya, tazarar takan ƙara fitowa. Taron 'yan sikawut ta iska, JOTA, wanda aka fara a 1958, ake kuma yin sa a ƙarshen mako na uku na Oktoba, yana buƙatar tashar da za ta kai yara wata ƙasa, kuma gajeren zango ko QO-100 ne ke yin haka. Fita daji da batir da tanti, wanda ƙungiyoyin Yanki na 1 ke yi a farkon Yuni da farkon Satumba, aikin gajeren zango ne. Haka ma manyan gasanni irin CQ WW na ƙarshen Oktoba da ƙarshen Nuwamba. A nan ƙarancinmu ya zama riba, domin masu tara ƙasashe don samun shaidar DXCC, wadda ake bayarwa ga wanda ya tabbatar da ƙasashe da yankuna 100, suna neman 5N da 5U da TT ruwa a jallo. Yaron da ya kira sau ɗaya ya ji tashoshi da dama suna rububin amsa masa ba zai manta da wannan rana ba. Rifita ba ta da irin wannan, amma ita ce ta fi dacewa da hidimar cikin gari, kamar taimaka wa masu shirya wani babban taro.

Batun agajin gaggawa yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumban 2024 ta nuna yadda gari ke shiga ruɗani cikin dare ɗaya. A Puerto Rico, bayan guguwar Maria ta 2017, masu sha'awar rediyo sun yi aiki tare da Red Cross lokacin da layukan waya suka mutu, kuma ƙungiyar Afirka ta Kudu tana da reshe na musamman mai suna HAMNET domin irin wannan aiki. Abin da ya ba su amfani shi ne horo da sabawa da hukumomin agaji tun kafin bala'i. Ta fuskar kayan aiki, gajeren zango ne kaɗai ba ya dogara da komai sai batir da wayar eriya, QO-100 yana biye da shi, rifita kuwa tana tsayawa ne muddin hasumiyarta da batirinta suna nan. Inda gwamnati ce da kanta ta rufe layukan waya saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, lasisin sha'awa ba ƙofar baya ba ne, kuma ƙungiya mai hankali za ta nemi umarnin hukuma kafin ta kunna komai.

Saura tambayar gyara. Masu gyaran waya a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano sun iya cire ƙananan sassa da mayar da su da iska mai zafi, kuma hannunsu yana da amfani ga ƙungiya, amma ba su da na'urorin auna igiyar rediyo, ba kuma aikinsu ba ne. Wannan giɓi ƙungiya ce za ta cike shi da kanta. Kowanne aka zaɓa cikin ukun, ya kamata a ware wani kaso na kuɗin domin mitar auna dawowar wuta daga eriya, da abin da ake ɗaura wa na'ura a madadin eriya lokacin gwaji, da NanoVNA, wato ƙaramar na'urar awon eriya, da ƙarfen liƙi mai kyau, a ajiye su wuri ɗaya da littafin aro. Mafi yawan matsalolin tashar gajeren zango a waya da mahaɗi da batir suke, kuma ana warware su a ƙasa, a gaban ɗalibai. Matsalar QO-100 yawanci ta saiti ce da manhaja, wadda wani gwani daga wata ƙasa zai iya bi da mutum mataki-mataki ta waya, har ma ana iya jin siginar kai ta intanet ta na'urar sauraron da ke Goonhilly a Ingila. Matsalar rifita kuwa tana saman hasumiya, tana buƙatar mai hawa da mai awo da izinin mai wuri a rana ɗaya.

Saboda waɗannan dalilai, ƙungiyar da membobinta ke garuruwa daban-daban, wadda ita ce siffar mafi yawan ƙungiyoyin da za a iya kafawa a ƙasar Hausa, ta fara da tashar gajeren zango a harabar makaranta, da eriyar zangon mita 40 da ta zangon mita 20 da aka yanka da hannu, da zama ɗaya a mako a rana da sa'ar da ba sa canzawa. A gefe guda ta kafa farantin sauraron QO-100, tunda kuɗinsa kaɗan ne kuma sauraro ba ya buƙatar lambar kira, sannan ta ƙara ɓangaren aikawa idan ta sami mutum biyu da suka fahimci saitinsa. Ƙungiyar da ke tsakiyar birni mai hayaniyar lantarki, wadda ba ta da filin shimfiɗa waya mai mita 20, tana iya juya tsarin ta fara da tauraron. Rifita kuwa a jinkirta ta har sai masu lasisi a gari ɗaya sun yi yawan da oba-obarsu ta kasa haɗa su, an sami rubutacciyar yarjejeniya da mai hasumiya, an kuma sami mutum biyu da suka amince a rubuta sunayensu a matsayin masu kula da ita, tare da kuɗin sauya batir da aka ware tun kafin a saye ta.